Shafin da Majigi Bai Taɓa Ba

Rannan jikana Nasiru ya zo mini da abokansa, wai za su mai da wani littafi fim, suna so su ji yadda ake yi a da. Da suka ji cewa sana'ata ta fari karanta wa mutane littafi ce, sai ɗayansu ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai wannan ba sana'a ba ce, duk wanda ya yi firamare zai iya." Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka kafin in shiga. Na dai ce su gyara zama, tunda su suka tono zancen.

A shekarun hamsin, kafin a sami mulkin kai, in ka bi lungunan Koki da rana za ka tarar da zaurukan masu ɗinkin hula, kowane cike da mutane, kai a sunkuye. Mai ɗinkin hula idonsa na kan allura tun hantsi har la'asar, hannunsa ba ya hutawa, amma kunnensa ba shi da aikin yi. Wannan kunnen shi ne kasuwarmu. Sai 'yan zaure su haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, su kira mai karatu ya zauna a tsakiyarsu ya yi ta karanta musu labari suna aiki. A bayan katanga kuma matan gida na saurare, wani lokaci har su aiko a ce a ɗaga murya.

Wanda ya koya mini shi ne Malam Habu na Gwale, mutum mai ƙaramin jiki da babbar murya, ya iya ajami ya iya boko. Na daɗe ina ɗaukar masa gafaka da buzu ba tare da ya bar ni na buɗe baki ba. Ranar da ya fara miƙo mini littafi, na karɓa da rawar jiki, na kama karatu irin na aji, da ƙarfi da sauri, ina so a san na iya. Ban kai ƙarshen shafi ba wani dattijo ya ce, "Habu, ina ka samo mana mai shela?" Zaure ya ɗauki dariya. Malam Habu ya karɓe littafinsa, bai sake ba ni ba sai da damina ta wuce.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai littattafan, waɗanda takardarsu ba ta da ƙwari, sai mun kai wa dukawa sun yi musu bango na fata. Akwai citta da kanumfari a aljihu saboda maƙogwaro, da tsinken tsintsiya na sa alama a inda aka tsaya, da butar ruwan sha. Wurin zama ma sai an koya maka. Ba ka zama a bakin ƙofa, don inuwarka za ta faɗa kan aikin wani, kuma mai ɗinki ya fi yafe maka zagi a kan ka tare masa haske. Sannan ba fuskokin mutane kake kallo ba, allurai kake kallo. In suna tafiya daidai, labari na tafiya. In wani ya soma tambayar na kusa da shi ina ya sayi zare, to ka yi asarar zauren, sai ka san yadda za ka dawo da shi.

Amma babban abin da Malam Habu ya koya mini shi ne abin da yake kira shan ruwa. Duk lokacin da sabon mutum ya shigo cikin labari, sai ka dakata, ka ɗauki buta, ka kurɓa a hankali, ko kana jin ƙishirwa ko ba ka ji. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Baƙo ya shigo zaure tsirara, ka bar su su sa masa riga." Ya hana ni ƙara wa kowa kamanni a kan abin da marubuci ya rubuta. In littafi ya ce attajiri, to attajiri za ka ce ka yi shiru, kada ka sa masa gemu, kada ka sa masa tumbi. A cikin wannan ɗan shirun kowa zai lalubo nasa attajirin. Shi ya sa gardama ba ta ƙarewa a zaure, wannan ya ce dogo ne, wancan ya rantse gajere ne, wani ya ce ai sak mai awon hatsin nan na bakin kasuwa. Gardamar nan ita ce shaidar cewa ka iya aikinka.

Da na tsaya da ƙafafuna, zauren da na fi zuwa shi ne na Baba Kyari. Babarbare ne, kakanninsa suka zo daga Borno suka zauna a Koki, kuma a zanen hula babu na biyunsa a unguwar. Da yake mahaifiyata Bafulatana ce, ba ya kirana da sunana Inuwa, sai dai ɗan Fulani, kullum da tsiyar da zai yi mini. In na makara ya ce shanu ne suka tsare ni, in na zo da wuri ya ce na ji ƙanshin tuwo ne. Littafi guda yake so, wani ɗan siriri da aka buga saboda masu koyon karatu, labarin wani falke mai suna Ɗanjuma da ya tafi Gwanja fataucin goro. Duk ranar Alhamis shi za a karanta, har sauran 'yan zauren suka haddace shi suka gaji. Abin da marubucin ya faɗa game da falken bai wuce layi guda ba, cewa mutum ne mai saurin tafiya, wanda in ya sa gaba ba ya waiwaye.

Wata Alhamis bayan an watse, ina naɗe buzu, ya tsayar da ni ya gaya mini dalili. Yana da ƙane, Modu, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tafi aikin hajji a ƙafa ta hanyar gabas tun suna samari. Da fari akan ji labarinsa a bakin masu dawowa, daga baya labari ya yanke. Ba a ce ya rasu ba, ba a ce yana raye ba. Lokacin da ya tafi babu mai maganar hoto a gidajenmu, saboda haka babu abin da ya rage na Modu sai abin da ke cikin kan wansa.

"Da na tsufa sai fuskar ta soma guje mini," in ji shi. "In na neme ta da gangan ba ta zuwa. Amma in ka ce ga falke ya fito, ka ɗauki butar nan taka, sai in gan shi. Ga tsagarmu a kumatunsa, ga wushiryarsa, ya saɓa riga a kafaɗa yana sauri kamar ana binsa. Ka gane, ɗan Fulani?"

Na ce na gane. Tun daga ranar nake tsawaita shan ruwa a zaurensa.

Aikin majigi ya same ni ne ba tare da na nema ba. Majigi mota ce da ke yawo unguwa-unguwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a fili bayan magariba a nuna wa jama'a fim kyauta. Finafinan ba sa magana, sai an sami mutum ya riƙe lasifika yana bayani. Wata shekara aka ce an mai da labarin falken nan fim, za a nuna a filin Ƙofar Ruwa, sai mai bayanin masu majigin ya kwanta ciwo. Aka ce musu akwai wani a Koki da ya san littafin kamar tafin hannunsa. Suka kai ni wani sito da rana, aka toshe tagogi da buhuna, aka nuna mini fim ɗin don in shirya bakina.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya burge ni. Ga jakuna na tafiya da gaske, ga huhunan goro, ga ƙura na tashi. Sai dai wanda suka sa ya zama falken masinjan ofishinsu ne, wani gajere mai tumbi, fuska cike da fara'a, ko'ina ya juya sai ya kalli mai ɗaukar hoto ya washe baki. Mutumin kirki ne, mun gaisa daga baya, ba laifinsa ba ne da Allah ya yi shi haka. Na kuma lura sun tsallake wani wuri. A littafin akwai inda ayari ya iske kogi ya cika ya batse, su kuwa da rani suka ɗauki fim ɗinsu a bayan gari, ba su da kogi. Sai suka nuna ayari a wannan gaɓa ta wani busasshen rafi, suka yanke, suka nuna shi a waccan.

Daga siton ban zame ko'ina ba sai zauren Baba Kyari. Na tarar labari ya riga ni, har ya sa an wanke masa babbar riga.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, da za ka ji shawarata da ka yi zamanka a gida. Na gani, ba shi ba ne."

"To da wa ya ce maka shi ne? Ni yaro ne?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba. Wanda suka sa ɗin ko kusa bai yi kama ba."

Ya ajiye hular da ke gwiwarsa ya dube ni. "Shekara da shekaru ina jin tafiyar nan da kunne. Yau an ce za a nuna ta a ga ƙafa na taka ƙasa, kai kuma ka ce in zauna? Kallo kawai zan yi in dawo. Ko kishi kake yi an ƙwace maka ciniki?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. A lokacin ni kaina ban san iyakar abin da nake tsoro ba.

Filin Ƙofar Ruwa ya cika har kan katangu. Bayanin majigi wani aiki ne daban, kada ku raina shi. A zaure kai ke jan labari, a majigi labari ke janka, in ka tsaya haɗiye yawu hoto ya wuce ya bar ka. Babu shan ruwa, babu wurin da za a sha shi. Ina cewa ga falke nan, sai ga mai tumbi ya cika ƙyalle yana dariya, jama'a suka ɗauki shewa. Sun ji daɗi ƙwarai, kuma mutane da yawa da ba su taɓa jin labarin ba a ranar suka san shi. Ni ma na ji daɗin jin muryata tana dukan ganuwa tana dawowa. Can gefe na hango Baba Kyari a kan buzunsa, ya tokare haɓa da sanda, bai yi dariya ba, bai kuma tashi ba har aka gama.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Kusan a lokaci guda aka soma sa akwatin rediyo mai waya a zauruka, wanda ba ya neman goro, ba ya makara. Zaurukan da ke kirana suka ragu, na koma bin motar majigi jefi-jefi don in rufa wa kaina asiri. Inda ma aka kira ni, in na ɗauko littafin falke, gardama ta mutu. Ina cewa Ɗanjuma, kafin in kai hannu ga buta wani zai ce, "Mai tumbi ke nan," a yi dariya a wuce. Kowa ya ajiye nasa falken ya ɗauki na ofis. Sai na ga ina kurɓar ruwa a banza.

Alhamis ta farko bayan majigi na buɗe littafin a zauren Baba Kyari kamar kullum. Ban yi nisa ba ya ce, "Rufe." Na ɗauka wasa ne, na ci gaba. Ya ce, "Inuwa, na ce ka rufe." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar, sai na rufe.

Bayan an watse ya ce, "Ya tafi. Na runtse ido na neme shi, ina samun rigar, ina samun saurin, da na zo fuska sai wancan ya leƙo yana yi mini dariya. Ko a salla na yi ƙoƙarin tuno shi in yi masa addu'a, wancan ne ke zuwa. Sau biyu ke nan Modu na tafiya ya bar ni."

Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona. Daga nan aikinsa ya soma lalacewa. Mutumin da ba a taɓa ganin ya kwance ɗinki ba, sai ga shi yana kwance rabin hula saboda ya ɓata zane. Bayan ɗan lokaci ya daina fitowa zauren, aka ce ba ya jin daɗin jikinsa, alhali babu zazzaɓi babu tari.

Na rasa dabara, sai na tafi Gwale wurin Malam Habu. Lokacin ya daina fita, ido ya yi rauni, yana zaune a ƙofar gida yana jan carbi. Na kwashe labari na gaya masa. Bai ce komai game da majigi ba, ko yabo ko zagi. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Duk littafin suka nuna?"

Na ce, "A'a, Malam, sun bar ƙetare kogi."

"To can za ka same shi. Inda ƙafar wancan ba ta taka ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Kada ka faro daga farko, kada kuma ka ambaci sunan falken, sunan ya riga ya zama na mai tumbi. Kuma ka tabbata akwai allura a hannunsa. In idonsa ba shi da aiki, neman fuskar zai yi da ƙarfi, ita kuwa ba ta zuwa da ƙarfi."

Da hantsi na je gidan. Na same shi a ƙaramin zauren ciki, ya rame, hannuwa a kan gwiwa ba komai a cikinsu. Na gaishe shi, na ce na zo da wata hula da aka ba ni kyauta, bakinta ya soma warwarewa, ko zai taimaka ya kama mini. Ya juya ta ya ce, "Wane makahon ne ya ɗinka wannan?" Na ji daɗin tsiyar, don alama ce da sauran ƙarfi. Ya aika aka kawo allura da zare. Na bari sai da allurar ta kama tafiya, sannan na zaro littafin daga gafaka.

"Na ce maka na gama da wannan."

"Ba labarin zan karanta ba, Baba, wani ɗan wuri ne nake so in gyara bakina a kai. Kai dai yi ɗinkinka."

Ya ci gaba da ɗinkinsa, ni kuwa na fara, da murya ƙasa-ƙasa. Ayari ya iso bakin kogi da damina, ruwa ja wur yana tafe da itatuwa. Jakuna sun ƙi gaba, fatake sun tsaya cirko-cirko, kowa na jiran wani ya fara. Sai shi ya tattare rigarsa ya ɗaure a ka, ya yi bisimilla ya shiga. Ruwa ya kama gwiwa, ya kama ƙugu, ya kai ƙirji, yana tafiya yana dogara sanda, ba a ganin komai sai ƙeyarsa da ƙullin rigar. Duk wannan ina karantawa ina satar kallon allura, tana tafiya daidai. A nan ne marubucin ya yi abin da ban taɓa lura da nauyinsa ba duk karatun da na sha yi. Mutumin da aka ce ba ya waiwaye, da ya kai tsakiyar ruwa, sai ya tsaya ya waiwayo ya dubi 'yan uwansa da ke gaɓa.

Na ce, "Sai ya waiwayo." Na ajiye littafin a cinya, na ɗauki buta.

Ban taɓa shan ruwa mai tsawon wannan ba. Na kurɓa, na sake kurɓa, har butar ta kusa ƙarewa. Allurar ta tsaya a cikin hula, rabi ciki rabi waje. Idonsa na kan ɗinkin, amma na san ba shi yake gani ba.

Can ya ce, a hankali, "Wushiryar tana nan."

Na ajiye butar a hankali.

"Ruwa na zuba daga gemunsa. Ashe ya yi gemu." Ya share ido da bakin hular tawa. "Sake karantawa, ɗan Fulani."

Na sake. Da na zo wurin, na sha ruwa, sannan na kai hannu zan juya shafi, don a bayansa ne falken ke isa waccan gaɓa ya ɗaure igiya a ja jakuna. Sai ya kama wuyan hannuna.

"Kada ka haurar da shi. Wancan na tsaye a gaɓa yana jiransa."

Mako na zagayowa ya koma zaurensa, ya koma zanensa da tsiyarsa. Sauran 'yan zauren na sauraron rediyonsu, ban hana su ba, ni ma ina saurare. Amma duk Alhamis in an yi azahar sai ya sa a rage muryar akwatin, in buɗe inda tsinken tsintsiya yake, in karanta masa daga bakin kogi zuwa tsakiyar ruwa, in rufe. Tsinken bai ƙara matsawa daga wurin ba, har ya yi wa takardar shaida.

Da na kai nan, abokin Nasiru mai murmushin nan ya tambaye ni ko ina nufin kada su yi fim ɗin. Na ce a'a, su yi, ni ma na ci abinci da majigi, kuma akwai wanda ba zai taɓa sanin labari ba sai ta ƙyalle. Abin da na roƙe su shi ne, in sun zo zaɓen abin da za su ɗauka, su sami wuri guda mai kyau a littafin, ba wanda ya gagare su ba, su bar shi da gangan. Ba su san wanda ya ajiye ɗan uwansa a ciki ba.

Baba Kyari ya rasu ana gab da samun mulkin kai. Littafin yana nan a gafakata, bangon fatar ya yi baƙi. Wani lokaci nakan ɗauko shi in karanta ni kaɗai, in na zo tsakiyar ruwa in rufe. Har yau ban haurar da shi ba.